Ranar Da Mas'udu Ya Zare Akwatin Masta Jamiu

Akwai wani matashi a unguwar Maamobi ta birnin Accra, can wajen ƙarshen shekarun 1990, ana ce da shi Mas'udu. Ku gyara zama, jama'ar wannan shafi, don labarin yau ba na dariya ba ne. Ni kaina duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Mas'udu gwanin kwamfuta ne, a zamanin da yawancin mutanen Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi, ba sa ganinta sai in sun shiga banki. A unguwar Kokomlemle ya koyi aikin, a shagon wani Bayarabe, Masta Jamiu, wanda ya riƙe shi tamkar ƙanensa. Kansa na ja, hannunsa na da kyau, wannan kam ba mai ƙwace masa. Ciwonsa guda ne. Tun ranar da ya bar shagon ya fara cin gashin kansa, "ban sani ba" ta ɓace daga bakinsa ƙaf.

Kusa da babbar kwatar da ta raba unguwar Nima da Maamobi akwai makarantar wani dattijo, Malam Osman. Gida ne mai bene, ajujuwa a ƙasa, ɗakin Malam a sama ta can baya, tagarsa na fuskantar injin niƙa. Wani tsohon ɗalibi da ke Jamus ya aiko wa makarantar kwamfutoci, Masta Jamiu ya ja waya ya haɗa su, har da guda a ɗakin Malam, tun ɗakin yana zaman ofis. Da aiki ya yi wa Masta yawa sai ya damƙa wa Mas'udu kula da su.

A shekarar da nake ba ku labari Malam Osman yana kwance. Ɓarin jikinsa ya shanye, muryarsa ta koma sai ka kai kunne dab da bakinsa. Likita ya hana a motsa shi, ga matakalar ƙunci gare ta, ba a iya sauko da mutum a kwance. 'Yarsa Abibata ce ke jinyarsa.

A shekarar ne kuma Mma Ƙaltume ta sauke Alƙur'ani.

Mma Ƙaltume mai koko da ƙosai ce a bakin titi, duk unguwa an san ta. Sai da mijinta ya rasu, furfura ta gama mata kai, sannan ta je ta durƙusa gaban Malam Osman ta ce a fara mata daga babbaƙu. Jikokinta suka yi ta yi mata dariya, ko a jikinta. Malam da kansa yake biya mata idan ta tashi daga sana'a, hannunta na ƙamshin man ƙosai. Shekaru suka yi a haka. Da ciwo ya kayar da shi, manyan ɗalibansa suka ƙarasa mata ɗan abin da ya rage.

A wannan makarantar sauka ba ta cika sai ɗalibi ya ɗauki allon zayyana ya karanta a gaban jama'a, malaminsa yana ji, sannan malamin ya ce an yi daidai, ya sa albarka. Wannan kalmar kaɗai tsohuwar nan take jira a duniya. Ba ta neman zani, ba ta neman rago. So take ta ji bakin da ya koya mata harafin farko ya ce, "Kin yi daidai."

Da a wani lokaci ne, abin mai sauƙi ne, don akwai babbar lasifika a kan rufi wadda har Nima ake ji. To amma walimar saukar tata ta faɗo a watan da masu ƙasa, 'yan ƙabilar Ga, kan hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo. Wasu matasa suka ce ai karatu ba kiɗa ba ne. Malam ya aiko Abibata da saƙo, ya ce kakanninsu ne suka ba kakanninmu wurin zama, a sauke lasifikar. Aka ce to a ɗaga walimar zuwa bayan watan. Ya ce a'a, jikinsa yana gaya masa kada a ɗaga.

Kwamitin makaranta ya zauna neman mafita. Wani dattijo ya ce a ja doguwar waya kawai, a ajiye 'yar lasifika kusa da gadon Malam. Mas'udu ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi.

"Baba, waya kamar ta shanya? Ga kwamfutoci, ga sabon suwic. Ku bar mini wannan."

Bari in yi muku bayanin suwic ɗin nan, don a kansa labarin yake. Wani akwati ne mai ramuka a jere, kowace kwamfuta wayarta na shiga rami guda. Akwatin da aka fara sa musu, duk saƙon da ya shigo sai ya watsa wa kowa, mai so da marar so, har layi ya cushe. Wannan sabon kuwa kasa kunne yake yi. Idan kwamfuta ɗaya tana aika murya ga wani rukuni, duk kwamfutar da ke son ji sai ta ce, "Ina ciki." Suwic ya ji, ya riƙe raminta, ya riƙa tura mata muryar. Wadda ba ta ce komai ba, ba ya damunta.

Shirin Mas'udu shi ne ya sa makirfo a kwamfuta ɗaya a tsakar gida, ɗaya ta karɓa a ajin da matan da ba su samu wuri ba za su zauna, ɗaya kuma a ɗakin Malam. Ya gwada a cikin makon, ya bar shi yana ta aiki, murya tana zuwa tar. Har nan ba shi da laifi.

Ga abin da bai sani ba. Suwic ba ya riƙe "ina ciki" har abada. Idan 'yan mintoci suka wuce bai sake jin ta ba, sai ya ɗauka mai ita ta tashi, ya daina tura mata. Ita kuma kwamfuta, in ta faɗa da farko, ba ta ci gaba da faɗa sai an tambaye ta. Saboda haka dole a samu mai tambaya a layin, wanda lokaci-lokaci zai ce, "Wa ke nan har yanzu?" kowa ya amsa, suwic ya ji.

Mas'udu ya ɗauka suwic ne ke yin tambayar da kansa. Ba shi ba ne. Wani tsohon akwati ne mai ruwan toka a ƙarƙashin tebur a ɗakin kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira rauta. Da can shi ke haɗa makarantar da layin tarho. An daina amfani da layin, amma Masta Jamiu ya bar akwatin a kunne, har ya naɗe filoginsa da salatif a jikin soket.

Ranar Juma'ar da ta gabaci walimar suka haɗu a bakin masallaci a Nima, ana neman takalma.

"Mas'udu, na ji za ka aika wa Malam karatu ta waya," in ji Masta Jamiu. "Aiki mai kyau. Ka biyo shago gobe mu sha shayi, akwai abin da zan nuna maka a kan tsohon akwatin can."

"Masta, akwatin nan ai ya gama zamaninsa. Wuta kawai yake sha."

"Ka dai zo."

"In na samu sarari."

Bai samu ba, don bai nema ba. A ransa ya riga ya yanke cewa Masta ya bar akwatin ne don a riƙa kiransa, don a san makarantar har yanzu a hannunsa take. Kun ga irin tunanin da girman kai ke saka wa mutum. Wanda ya koya maka riƙon sukudireba ya kira ka shan shayi, kai kuma kana lissafin yana yi maka baƙin ciki.

Ranar Lahadi da hantsi tsakar gida ta cika. Aka jera benci, aka kafa rumfa, ƙamshin shinkafa da wake ya cika gidan. Zafi ake yi mai naci, sai shugaban kwamiti ya ce a kawo fanka wajen manyan baƙi. Soket ya yi kaɗan. Mas'udu ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga filogin nan mai salatif. Ya ɓare salatif ɗin, ya zare, ya jona wayar fanka. Har wani daɗi ya ji a ransa.

Daga nan ya shiga ajin mata ya kunna musu kwamfuta. Murya ta fito, mata suka fara mamaki suna matsowa.

"Kada wadda ta taɓa komai," in ji shi, fuska a ɗaure. "Duk wadda ta taɓa ya lalace, ita da kwamiti. Kuma kada a yi ta kirana, ina da aiki."

Iyayensa ne fa a wurin, amma haka ya faɗa musu.

Ya hau sama ya kunna ta ɗakin Malam. Nan take muryar shugaban kwamiti ta fito daga 'yar lasifikar da ke kan tebur, yana yi wa baƙi maraba. Malam Osman ya yi murmushi da rabin fuskarsa mai motsi. Abibata ta raɗa wa Mas'udu cewa yau Baba ya ƙi shan maganin safe, wai yana sa shi barci, shi kuwa ba ya so ko harafi ɗaya ya wuce shi.

"Ni zan zauna da shi," in ji ta.

"Anti Abibata, ki sauka abinki, ana nemanki wajen abinci. Na'ura ba ta gajiya."

Ta dubi mahaifinta. Ya motsa baki, ta sunkuya ta kai kunne.

"Je ki," in ji Malam. "Ki gano mini ita cikin farin mayafinta."

Suka sauka, suka ja masa ƙofa.

Kafin Mas'udu ya gama gaisawa da baƙi a ƙasa, abin ya riga ya faru. Ba wanda ya tambaya, ba wadda ta amsa. Suwic ya jira iya jiransa, bai ji kowa ba, ya rufe wa ajin mata, ya rufe wa ɗakin Malam. Makirfo yana ta ɗaukar murya, kwamfuta tana ta aikawa, amma ba inda take zuwa.

Mata dai suna da ƙafafu. Da abin ya yi shiru suka dubi juna, kowace na tsoron a ce ita ta lalata. Ba wadda ta yi ƙarfin halin zuwa wajen yaron da ya gama yi musu tsawa. Sai suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa a bayan benci. Mas'udu ya ga taro yana ƙaruwa, ya ce a ransa ai mutanenmu sai sun gani da ido.

Jawabai suka yi tsawo, kun san halinmu idan muka samu makirfo. Can Abibata ta zo wucewa da tire a hannu, ta tsaya kusa da shi.

"Mas'udu, ko in leƙa Baba?"

Ya nuna mata suwic ta ƙofar ɗakin kwamfuta. "Dubi fitilun nan, kore shar. Ki bar shi ya ji karatunsa cikin natsuwa."

Fitilun kuwa abin da suke nunawa kawai shi ne waya tana jone. Ba su san ko dattijo yana ji ko ba ya ji ba. Aka kira Abibata daga madafa, ta wuce.

Sannan aka kira Mma Ƙaltume. Ta taso a hankali cikin farin mayafi, ta rungume allon zayyana a ƙirji. Da ta zauna sai ta gyara, ta juya fuskarta wajen benen. Muryarta ta yi rawa a Bisimilla, daga nan ta miƙe. Ta karanta Fatiha, ta shiga farkon Baƙara, tana bin kowane harafi da yatsa. Jikokin da suka yi mata dariya suna tsaye suna share ido. Da ta kai aya ta ƙarshe a allon, wurin ya ɗauki kabbara a hankali, don kowa yana tune da umarnin Malam.

An shirya Abibata ce za ta hau ta karɓo kalmar Malam ta sauko da ita. Mma Ƙaltume ta ce a'a, da kunnenta za ta ji. Ta kama bango tana hawa, gwiwoyinta na ƙara, Abibata na riƙe da ita. Mas'udu ya biyo su a baya yana gyara wuyan riga, yana jiran nasa yabon.

Suka tura ƙofa. Ɗakin shiru, ba a jin komai sai ƙugin injin niƙa ta taga.

Malam Osman ya ja jikinsa har bakin gado. Da hannunsa mai lafiya ya jawo 'yar lasifikar ta wayarta, ya ɗora ta a kan matashi, ya manna kunnensa a jiki. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Da ya gan su ya ɗaga ido, ya motsa baki. Abibata ta durƙusa.

"An fara ne?" in ji shi.

Ya ci gaba da ƙyar.

"Na ji maraba da baƙi, sai shiru. Na ce ko wuta ce, amma ga fanka na juyawa. Na yi ta kira." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na ce bari in jira, kada in yi barci."

Mas'udu ya zabura. Ya faɗa bayan kwamfutar yana taɓa wannan waya yana jan waccan, gumi na zuba masa a ido. Komai a jone yake.

Mma Ƙaltume ba ta ko dube shi ba. Ta zauna a ƙasa dab da gadon, ta ɗora allon a cinya.

"Ba komai, Malam. Ga ni, ga allon."

Ta fara. Idon Malam yana kanta, leɓensa na bin Fatiha. Amma ƙarfin da ya tara don wannan rana ya riga ya ƙare a jira. Kafin ta shiga Baƙara idanunsa suka lumshe. Ba ta tsaya ba, ta karanta har ƙarshe, sannan ta zuba wa bakinsa ido. Numfashi yake yi a hankali, bai ce komai ba.

Suna cikin haka sai 'yar lasifikar da ke kan matashin ta farka. Aka ji jan benci, da ƙarar kwanuka, da wata tana tambayar ina tsintsiya. Abibata ta fashe da kuka, ta fizge wayar.

Mas'udu ya sauka da gudu. A ɗakin kwamfuta ya tarar da Masta Jamiu, wanda motar haya ta makarar da shi, durƙushe a ƙarƙashin tebur. Ya zare wayar fanka, ya mayar da filogin tsohon akwatin.

"Wa ya zare wannan?"

"Ni ne, Masta."

"Shi ke tambayar kwamfutocin ko suna nan. In ba a tambaye su ba, ba sa amsawa, suwic sai ya rufe musu. Abin da na so in nuna maka ke nan." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ni ma da laifina, da na faɗa maka a tsaye ranar Juma'a. Malam dai ya ji ko?"

Mas'udu ya sunkuyar da kai. Masta Jamiu ya dube shi, ya dubi benen, ya ce innalillahi, ya nemi kujera ya zauna.

Malam Osman bai ƙara dawowa cikin hayyacinsa ba. A cikin makon Allah ya karɓi abinsa. Jana'izarsa ta tara mutane daga Nima, da Tudu, har daga wata unguwa da ake kira Malam, aka tare titi.

A zaman makoki Mas'udu ya kasa haɗa ido da kowa. Ba wanda ya zage shi, wannan ne ma ya fi ci masa rai. Da ƙyar ya tattara ƙarfinsa ya shiga ɓangaren mata, ya tarar da Mma Ƙaltume a kan tabarma da carbi a hannu. Ya durƙusa gabanta.

"Mma, ki yafe mini. Ni na hana shi ji. An kira ni a nuna mini na ƙi zuwa, an ce a leƙa shi na hana."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na yafe maka, ɗana, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kwanansa ne ya ƙare, ba kai ka ɗauke shi ba. Abin da ke cina shi ne dattijon nan ya kwanta shi kaɗai yana kira, mu muna ƙasa ana raba shinkafa, ba wanda ya hau ya ce masa sannu."

Ta ja carbinta. Mas'udu ya yunƙura zai tashi, sai ta kama hannun rigarsa. Muryarta ta yi ƙasa, kamar ta ɗaliba mai jin kunya.

"Kowa yana ce mini na yi ƙoƙari, amma na san tausayin tsufa ne. Kai ma ɗalibinsa ne, kuma kai ba ka iya lallashi ba. Kana wurin duka biyun. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, na yi daidai?"

Mas'udu ya tuna ranar walimar. Lokacin da take karatu a tsakar gida, yana ɗakin kwamfuta yana nuna wa wasu baƙi fitilun suwic. Lokacin da ta sake a sama, kansa yana bayan kwamfuta. Sau biyu tsohuwar nan ta karanta a kusa da shi, ko aya ɗaya bai saurara ba.

"Ban sani ba, Mma," in ji shi, hawaye na zuba. "Ban ji ba."

Ta saki rigarsa a hankali, ta gyara mayafinta.

"To," in ji ta. "Ka gaida gida."

Darasi: Kada girman kai ya hana ka tambayar wanda ya riga ka sanin aiki, kuma kada ka cire abin da ka tarar a wurinsa don kawai ba ka ga amfaninsa ba. Mafi girma daga wannan, shirun mutum ba ya nufin lafiya yake. Akwai marar lafiya, akwai tsoho, akwai ɗan'uwa da ke kwance yana jiran wani ya leƙo ya tambaye shi ko yana nan, kuma ba na'urar da za ta yi maka wannan aikin. Ka tashi ka je da ƙafarka tun yana iya amsawa. Idan labarin nan ya tuna maka da wani da ka daɗe ba ka leƙa ba, ka neme shi yau, sannan ka tura wa 'yan'uwa da abokai su ma su karanta.